Zubin Bakin Mai Karanta Labarai

Ƴar Kawu, maƙeriyar haƙora,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da Kawu, wanda na ji an ce ƙafar ta yi sauƙi har ya ajiye sanda. Mu nan lafiya lau. Goggonki na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko a garin naku doka aka kafa ta hana ziyara.

Wannan takarda za ta same ki a kwali ɗaya da bakina. Kada ki saki kwalin, zubinsa ne kawai. Likitan haƙori ya cusa mini wani ƙullu mai sanyi, na cije, ya zare, ya zuba farar ƙasa a gurbin, sai ga muƙamuƙina na ƙasa a kan tebur yana kallona. Kin san haƙora uku na rasa a hagu, daga fiƙa zuwa baya. Ƙusoshin ƙarfe biyu da ya dasa mini a ƙashi sun kama, saura haƙoran da za a ɗaura a kansu. Ya ce yana da inda yake aika irin wannan aiki. Na ce masa ina da ƴar kawu da ta bar gida ta yi nisa don ta koyi ƙera haƙora, bai kamata dangi su yi asarar ta a banza ba.

Ki yi aikin da kyau, don ba na tauna kaɗai ba ne. Tun da giɓin nan ya samu, iska ke tsere mini ta gefe idan ina karanta labarai. Mai kula da sauti, wanda yake zama bayan gilashi da abin ji a kunne, ya ce duk inda na ce "shugaban ƙasa" sai allurar na'urarsa ta zabura kamar an yi fito. Shekara da shekaru ina buɗe wa mutane gari da labaran safe, ba na so in ƙare a matsayin tsohon nan mai fito.

Za ki ce me ya hana ni kira. Muryata ta gidan rediyo ce, ba na ɓarnar ta a kan taubasai. Kuma direban da yake kai kwalin ba ya ƙin takarda.

A ƙarshe, kamar yadda muke rufe labarai da abin da ba shi da nauyi: akwai wani ɗan fari-fari a dasashina kusa da ƙusa ta baya. Ya daɗe, ba ya ciwo. Ina jin tukuicin da taba ta bar mini ne kafin mu rabu. Ba zai hana ki aiki ba.

Naki, wanda ya girme ki ko kin so ko kin ƙi,
Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo, Malam Ga-Labarai,

Kwalinka ya iso lafiya, ya same mu lafiya. Kawunka ya ajiye sanda, amma ya koma dogara maganganu a kan kowa. Ka gaida Goggo, ka ce mata ba doka ba ce, aiki ne. Da na samu sarari za ta gaji da ni. Ka gaida uwargida, Allah ya ba ta ladan zama da kai.

Na buɗe kwalin a gaban abokan aikina, na ce su zo su ga bakin da ya hana ni sakat tun ina ƙarama. Wannan ne karo na farko da na gan shi a buɗe bai ce komai ba. Mu huɗu ne a ɗakin aikin, kowa da fitilarsa da ɗan injin gogewa, tandar gasa haƙoran tana kusurwa, ƙurar farar ƙasa kuwa har cikin shayinmu. Kantocin bango cike suke da bakunan mutane, kowanne da lamba a gindinsa. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Likitoci ke ganin mutane, mu siffa kawai ake kawo mana. Nakan san mutum yana tauna da dama ne ko da hagu, nakan san mai cizon haƙora cikin barci, amma da zai wuce ni a titi ba zan gane shi ba.

Ga haƙoranka nan a naɗe cikin auduga. Ban yi su fari fat ba, don kada su tona asirin maƙwabtansu. Na ɗan karkatar da fiƙar ciki kaɗan, yadda ta dama take, saboda harshenka ya same ta inda ya saba. Ka ce wa likita ya ɗaure su a hankali. Idan fiton bai tafi ba, to ba daga giɓi yake ba, hali ne.

Mu a nan idan aiki ya fita mukan zubar da zubin. Naka na ajiye shi a kan taga, kusa da tukunyar fure. Duk ranar da na tuna wata baƙar magana da ka taɓa faɗa mini, sai in juya in rama, shi kuma ya yi shiru.

Taka, wadda ta fi ka hankali,
Ƴar Kawu

*

Ƴar Kawu,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya, sai Goggonki da mura, ita ma ta fara sakin ta. Na jinkirta godiya ne don kada kanki ya kumbura.

Fito ya tafi. Ranar da na fara karatu da sababbin haƙoran, mai kula da sauti ya ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗauke shi aiki. Wata mai sauraro ta bugo tana tambaya ko an kawo sabon mutum ne. Na yi watanni ina cin abin da na ga dama. Wannan shi ne babban labari, kuma na ba ki shi a sama.

Ƙaramin kuwa, shi ya sa kika ga kwali na biyu. Dasashin da ke bayan ƙusa ta baya ya ɗan tashi, yana jini idan na goge baki. Likita ya duba, ya ce abu ne da yake yawan gani: datti kan maƙale a gindin dashe, naman ya kumbura. Ya kwance haƙoran, ya wanke wurin, ya ba ni ƙwayoyi da ruwan kurkure baki. Ya lafa, ya dawo. Yanzu yana zargin gefen haƙoran ne ke danne naman, ya ce a sake zubi a aika miki ki rage. Na ce masa ban yi mamaki ba. Yarinyar da na taɓa ɓoye wa takalmi ranar jarrabawa, ai dole ta bar mini kaifi a wani wuri.

Ki yi sauri. Ya sa mini haƙoran wucin gadi, kuma allurar mutumin nan ta fara motsi.

Ɗan Goggo

*

Malam Ga-Labarai,

Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Goggo sauƙi. Ashe kai ne ka ɓoye takalmin. Na daɗe ina zargin kare.

Na ga wurin. Naman ya ɗan taso kamar ƙwayar wake. Na rarake cikin haƙorin baya, na ba shi wuri, na goge gefen har ya yi santsi kamar cokali. Yanzu babu abin da zai taɓa shi. Sauran aikin naka ne: ka sayi ɗan buroshin nan siriri mai shiga tsakani, ka riƙa bi da shi safe da yamma. Mutumin da yake wanke wa ƙasa kunne kullum, ya ci a ce yana wanke bakinsa.

Bakinka na biyu ya samu wuri kusa da na farko. Suna zaman lafiya.

Ƴar Kawu

*

Ƴar Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Damina ta sauka a nan, rufin ɗakin labarai yana yoyo daidai kan teburin edita, abin da wasunmu suke ganin adalci ne. Uwargida na gaishe ki. Auta ta ci jarrabawarta, kuma babu wanda ya ɓoye mata takalmi.

Ga kwali na uku. Na bi umarninki, na sayi buroshin, har na zama abin dariya a banɗakin ofis. Gyaranki ya yi aiki na ɗan lokaci, daga baya naman ya cike wurin da kika ba shi, ya nemi ƙari, kamar baƙon da aka ba shimfiɗa ya tambayi ina makullin gida. Likita ya sake wankewa, ya canza ƙwayoyi. Kullum yakan tambaye ni ko yana ciwo, in ce masa a'a, don gaskiya ba ya yi.

Ya kawo shawarar ko mu gwada wani maƙerin a nan kusa, wanda zai iya zuwa ya ga bakin da idonsa, tunda aike yana cin lokaci. Na ce masa a'a, a bar ni da ta gida, ko da aikinta ne zai yi ajalina. Don haka ki sake ragewa.

An kawo wata sabuwar mai karatu ina koya mata aiki. Muryarta tana da kyau, amma tana gudu kamar ana bin ta. Na ce mata labarin mutuwa da labarin farashin taki ba a karanta su da numfashi ɗaya.

A ƙarshe, daga sashen ƙwadago: leɓena na ƙasa, ɓangaren hagu, ya shiga yajin aiki. Ina shan shayi ya zubo mini a riga ban sani ba, sai da uwargida ta nuna mini. Har yanzu shugabannin ƙungiyar ba su faɗi buƙatunsu ba.

Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Mun gode Allah, muna lafiya. Ina taya Auta murna.

Ga haƙoran, na sake ragewa. Wannan shi ne iyakar abin da za a iya cirewa ba tare da an raunana su ba. Na auna su a kan zubin ta kowace fuska, na ba babbanmu ya duba, ya ce babu inda suke taɓa nama.

Na karanta abin da likitanka ya ce, da amsar da ka ba shi. Na san wasa ne, amma ka yi shi a gaban mutumin da yake aiko mana da aiki. Ni ba ni da murya a rediyo, hannuna kawai aka sani, kuma a wannan sana'a magana ɗaya ta likita ta isa ta rufe wa mutum ƙofa. Idan kana ganin na kusa zai fi, ka gwada shi, ba zan ji haushi ba. Zumunci ba a haƙori yake ba.

Leɓenka kuwa, wanda ya yi shekaru yana aiki babu hutu, ban ga laifinsa ba. Ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma sayi riga mai launin shayi.

A gaida Goggo.

Ƴar Kawu

*

Ƴar Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san an daɗe. Damina ta wuce, an gyara rufin, edita ya koma bushewarsa. Goggonki tana tambayar ki, nakan ce mata kina lafiya, ina fata ban yi mata ƙarya ba.

Maganarki ta ƙarshe gaskiya ce, bai kamata in yi wannan wasa a gaban likita ba. Ban je wurin wani maƙeri ba. Wurin likitan ma ban koma ba sai wannan makon, domin na san da na koma zai ce a sake zubi, ni kuma ba na so in sake aiko miki da kwali kamar mai kawo ƙara. Na ce bari in yi haƙuri da kumburin, wataƙila ya gaji ya sauka.

Bai sauka ba. Ƙusa ta baya ta fara girgiza, haƙoran ba sa zama. Likita ya yi faɗa da ya ga tsawon lokacin da na ɗauka. Yana tunanin cire ƙusar, amma ya ce a yi mini abin da zan riƙa sawa kafin nan, shi ne dalilin wannan kwali na huɗu. Ba gyara nake nema ba, aikinki ba shi da laifi.

An ɗauke ni daga labaran safe, an ba yarinyar da nake koya wa. An ce in huta har bakin ya daidaita. Shugaban sashe ya faɗa mini cikin ladabi, yana kallon takalminsa. Yarinyar ta rage gudu, ba laifi.

Naki,
Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Ina fata wannan ta same ka da sauƙi. Mu lafiya. Na kira wayar uwargida, ta ce ka ce magana tana yi maka wuya, in rubuto. To ga shi, kuma ka karanta shi yadda na rubuta, babu wasa a ciki ko layi ɗaya.

Da kwalin ya iso na je in ajiye zubin a kan taga, wurin ya yi kaɗan, sai na kwashe su duka na jera a kan teburina, na farko zuwa na huɗu. Ban taɓa ganin su a jere ba. Kowanne na yi aikinsa shi kaɗai, na ajiye shi a kan taga. Rana tana shigowa ta gefe, kowane tudu yana da inuwarsa. A na farko naman ya rungume ƙusar lumui. A na biyu ga ƙwayar waken nan. A na uku ta bazu ta yi wajen harshe, samanta ya yi gurza-gurza. A na huɗu tsakiyar ta rufta, gefen ya tashi kamar bakin rijiya. Kumburin da datti yake kawowa na san shi, yakan zagaye ƙusa, ya tashi ya sauka. Wannan bai taɓa sauka ba, kuma gefe ɗaya yake ci. Duk lokacin da ya matso, ni kuma sai in matsa masa.

Akwai likitan tiyatar muƙamuƙi da yake kawo mana aiki. Na roƙe shi ya duba. Ya daɗe yana juya na huɗun a hannunsa, sannan ya tambaye ni launin wurin. Na ce ban sani ba, a farar ƙasa komai fari ne. Ya tambaya ko mai bakin yana shan taba, ko an taɓa ganin wani tabo fari a wurin, ko leɓensa yana mutuwa. Duk amsoshin suna cikin jakata, a ƙasan takardunka, inda kake sa abin dariya.

Ya ce ba a gane cuta daga zubi, kuma yana iya yiwuwa ba komai ba ne. Amma ya ce, "Gyambon baki da ya wuce ƴan makonni bai warke ba, ba a sake wanke shi. Yanka ake yi a kai gwaji."

Ban yi abin da za ka sa ba, kuma ba zan yi ba, kada ya rufe wurin. Ka koma wurin likitanka gobe. Ka fara da maganar leɓe kafin ka gaishe shi. Ka ce a yanki ɗan naman a kai gwaji kafin a taɓa ƙusar. Idan ka ga dama ka yi fushi da ni, amma ka je.

Ƴar Kawu

*

Ƴar Kawu,

Gaisuwa. Goggonki lafiya, ba mu faɗa mata komai ba tukuna. Uwargida tana tsaye, Allah ya saka mata.

Na je. Na fara da leɓe kamar yadda kika ce. Likitan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye ni tun yaushe. Da na faɗa masa, ya ce me ya sa ban taɓa ambata ba. Na ce ciwo yake tambaya ta, shi kuma wannan rashin ciwo ne. Bai yi dariya ba. A ranar ya tura ni babban asibiti.

Sakamako ya fito. Ciwon daji ne, ya fara daga dasashi ya shiga ƙashi, shi ya taɓa jijiyar leɓen. Likitar da ta faɗa mini yarinya ce, ba ta fi sabuwar mai karatunmu ba, amma ta san inda ake tsayawa a ja numfashi. Za su cire ɓangaren muƙamuƙin da ƙusoshin duka, da ɗan gefen harshe, su ɗauko ƙashi daga ƙafata su cike gurbin. Bayan nan sai gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura don a ƙone abin da ya rage na ciwon. Ta ce suna da kyakkyawan fata a kan rai. Na tambaye ta magana fa. Ta ce zan yi magana, mutanen gida za su gane. Na ce ba mutanen gida nake tambaya ba. Ta ce, "Baba, da an zo lokacin da yake kan nama kaɗai, da aikin ƙarami ne."

Na tambaye ta ko dashen ne ya jawo, ko haƙoran, don na san za ki so ki sani. Ta ce babu wanda zai iya ce mini haka. Mutane da yawa suna da dashe lafiya lau, kuma tabon nan fari ya riga ƙusoshin zuwa. Abin da ta sani shi ne irin wannan ciwo yakan yi kama da kumburin gindin dashe, har ya ruɗi masu gani da ido, balle mai gani a farar ƙasa. Ki riƙe wannan.

Na yi ta tunanin yadda aka yi. A ɗakin labarai ba ma saka abin da majiya biyu ba su tabbatar ba. Leɓe majiya ɗaya ce, sai na tura shi ƙasa, na sa masa hular wasa, domin ke ce, kuma ni da ke ba mu taɓa yin wata magana babu hula ba. Ke kuma kika karɓe shi yadda na miƙo.

Abu biyu nake so. Likitan tiyatar da zai yi mini aikin ya ji labarin zubin farko, ya ce a aiko masa, zai taimaka masa ya ga yadda bakin yake kafin abin ya taɓa shi. Ashe babu inda ainihin bakina ya rage sai a kan tagarki. Na biyu, takardarki ta ƙarshe ta fi sakamakon gwajin ba ni tsoro. Ki dawo da rashin kunyarki.

Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Ga shi nan, na naɗe shi da auduga da tsohon mayafina, na rubuta wa direban a jikin kwalin kada ya ɗora komai a kai. Muna lafiya. Kawunka ya sani, ya ce in ce maka yana addu'a.

Na ji abin da likitar ta ce, na gode da ka tambaya. Amma wurin da na farkon ya bari a kan taga yana nan, da'ira mai tsabta a cikin ƙura, kuma sauran ukun suna kallona. Lokacin da likitanka ya ce a nemo wanda zai zo ya ga bakin da idonsa, shawara mai kyau ya kawo. Ni kuwa sunana na ji an taɓa.

Na nemi hutu, an ba ni. Zan iso kafin ranar aikin.

Rashin kunya kuwa, na zauna da biro na nema, ban samu ba. Ka ba ni lokaci.

Ƴar Kawu

*

Ƴar Kawu,

Ga kanun labarai. An gama gashi. Hoton da aka ɗauka na baya-bayan nan bai nuna komai ba, amma za a ci gaba da dubawa. Ba zan koma karanta labarai ba. Leɓen bai janye yajin aikin ba, kuma an ce kada in sa rai.

Yanzu sai gaisuwa. Ina fata kin koma lafiya, kin samu yara da maigidan da Kawu lafiya. Goggonki ta sani yanzu. Ta dube ni ta ce dama tun ina yaro maganata ta yi yawa, ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ina magana. Uwargida tana gane kusan duka, Auta tana fassara sauran, wani lokaci ta ƙara abin da ban ce ba idan zai amfane ta. Na koma ofis, an ba ni tebur kusa da na edita, ni nake tace labaran safe kafin su shiga. Ranar da na fara, na tsaya a bakin ɗakin karatu, jar fitila tana kunne, yarinyar tana ciki a kan kujerata, ta ɗaga ta sama don ta fi ni gajarta. Ta karanta labarin wani haɗari, ta tsaya daidai inda zan tsaya. Mai kula da sauti ya hango ni, ya cire abin jinsa ya miƙe tsaye. Na yi masa alama ya zauna, ana kan iska.

Likitan tiyata ya dawo mini da zubin farko. Yana kan teburina, ina danne takardu da shi. Wani lokaci nakan sa yatsa in bi gefen hagu. Lumui yake, kamar yadda kika ce. Nakan nemi inda farin tabon yake, ba ya nan.

Ina da ƙorafi ɗaya. Kin zo asibiti kin zauna a gefen gadona kina ce mini Yaya, kina gyara mini filo. Bakina a ɗaure, bututu a hanci, ba ni da halin kare kaina. Tun da aka haife ki ba ki taɓa ce mini Yaya ba. Na ɗauka likitoci sun faɗa miki abin da suka ɓoye mini.

An ce idan naman ya gama warkewa za a iya yi mini haƙoran da ake sawa a cire. Sun tambaya ko ina da maƙeri, na ce ina da. Amma ba zan aiko da kwali ba. Mota zan shiga in zo, in zauna a ƙarƙashin fitilarki, in buɗe miki bakin ki duba da idonki, ki ga ja, ki ga fari. Ki tanadi baƙar maganarki kafin in iso. Ba na iya ramawa da sauri yanzu, sai kin jira ni.

Naki,
Ɗan Goggo